Dokin Ƙofar da Aka Cire

Masu fenti ne suka fara ganin ƙusar ita kaɗai a jikin bango. Sun zo da safe su ƙarasa babban ɗaki, domin saura 'yan kwanaki a buɗe nunin zane-zane a Tsohon Gidan Sarki, sai suka tarar zanen da duk gari ke magana a kai ya yi ɓatan dabo. Tsohon zane ne na tsakar gidan nan, ga rijiya, ga bishiyar rumman, ga wata 'yar yarinya riƙe da guga. Aronsa aka yi daga hannun wani mai tara kayan da, kuma Likita, wadda ta sayi gidan ta gyara shi bayan ta yi ritaya, ita ta tsaya da sunanta cewa zai koma lafiya.

Kafin azahar 'yan sanda sun tafi da Maigadi. Unguwa ta ɗauki zance. Wasu suka ce dama idonsa bai yi musu ba, wasu suka ce an ga matarsa da sabon mayafi. Mutanen da suka shekara suna shan inuwar bencinsa su ne suka fi kowa sanin halinsa a ranar.

Matar Maigadi ce ta je ta sami Mai Sawu a ƙofar gidansa. Tsoho ne da ya yi rayuwarsa yana bin sawun dabbobin sata cikin daji, har gwiwa ta ce ta gaji. Yanzu sai a yi wata ba a neme shi ba, in ma an nema, bai wuce akuyar da ta tsinke igiya ba.

"Baba," in ji ta, "mijina ko allurar mutum bai taɓa ɗauka ba. Ya je sallar magariba ne a bakin ƙofa, iyakar laifinsa ke nan. Yau yaran nan ko rijiya suka je sai a kira su 'ya'yan ɓarawo."

"Gida ne mai siminti, 'yata. Ni ƙasa na iya karantawa."

"Ka dai je ka gani."

Ya ɗauki sandarsa.

*

Manajan gidan ne ya tarbe shi, mutum mai sanyin murya da tsabtar kaya, idanunsa sun yi ja kamar wanda bai runtsa ba. Mai Sawu ya tambaye shi hannu nawa gidan ya bi kafin ya zo ga Likita.

"Wani sarki ne ya gina shi," in ji Manaja. "Da ya rasu magada suka kasa jituwa, suka sayar. Wani ɗan kasuwa ya ɗan riƙe shi. Daga nan gwamnati ta karɓa ta mai da shi asibiti, da aka gina sabo aka bar nan wa jemagu, har Likita ta zo."

Babban ɗakin an share shi fes, har an goge da ruwa. Mai Sawu ya dubi ƙasa ya girgiza kai.

"Wa ya sa a yi shara?"

"Ni ne, Baba. Na ga manyan mutane za su shigo. Ban yi tunani ba."

Amma akwai wani siririn lungu da ya taso daga ƙofar lambu ta baya zuwa babban ɗakin, wanda magina suka jingine katakai a bakinsa, tsintsiya ba ta kai can ba. An kankare bangonsa jiya, garin farar ƙasa ya kwanta a ƙasa luf. Mai Sawu ya durƙusa da ƙyar. A kan sawun takalman magina da layin tayar baro, ga wani sawu ƙarami na silifas, ya shigo, ya koma. Taku gajere ne, mai jan ƙafa, na wanda ba ya sauri. A komawa diddige ya fi nitsewa, alamar an ɗauko abu.

A tsakiyar lungun sai takun ya canza. Ƙafa ɗaya ta danna ƙasa sosai, ɗayar ta yi dogon tsallake ta sauka can gaba. A dawowa ma haka, daidai wurin. Ya shafa ƙasan, babu rami, babu dutse, babu komai. Ya duba gindin bango dama da hagu, sai ya ga tabon gurbi guda biyu suna kallon juna, an cike su da siminti tun da daɗewa.

"Nan da akwai dokin ƙofa," ya ce. "Mai tsawo kuwa."

"Ban tarar da shi ba," in ji Manaja, ya juya yana amsa kiran wani magini.

Mai Sawu ya daɗe a durƙushe. Wanda ya shigo da duhun magariba ya ɗaga ƙafa ya tsallake abin da babu shi. Ƙafarsa ta san gidan nan tun kafin a cire katakon.

*

Duk da haka ya fara da wadda mutane ke nunawa da baki bayan Maigadi, wato Mai Zane, budurwar da aka sauke ayyukanta daga babban bango aka mayar da su baranda don a ba tsohon zanen wuri. Ƙafarta ƙarama ce. Ya roƙe ta ta raka shi lambu ta lungun. Ta wuce gabansa fuu kamar ana kiranta, ba ta ɗaga ƙafa a ko'ina ba.

"Na ji haushi, Baba, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Amma da zan saci zane, nawa zan sace, in ga ko za a lura."

Daga nan ya nufi shagon Yarima, jikan jikan sarkin da ya gina gidan. Yarima na sayar da firji da fanka, kuma ya shekara yana kai ƙara kotu cewa gidan gadonsu ne, har ya taɓa faɗa a bainar jama'a cewa ko ƙusar da ke ciki tasa ce. Ƙafarsa kamar faranti take, amma Mai Sawu ya yi zaton ko akwai wata tsohuwa a danginsu da ta taso a gidan. Da ya faɗi abin da ya gani, Yarima ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira maƙwabtan shagonsa su zo su ji.

"Ku ji fa. Wai ɓarawon ya tsallake ƙofar da babu. To Baba, aljani za mu nema ke nan?" Ya share hawayen dariya. "Mu da muka bar gidan nan tun kakana yana goye. Ni ko kwana ban taɓa yi a ciki ba, abin da ke cina ke nan. Ka koma wa akuyoyinka, Baba, wannan aikin masu ido ne."

Mai Sawu ya fito ana dariya a bayansa. Maganar ta zauna masa a ƙirji, ta ƙi sauka.

*

Wani mai shayi ne ya tura shi wurin tsohuwar Nas, wadda ta yi aiki a gidan tun ranar da aka buɗe shi asibiti. Ya same ta tana tsince wake a tire.

"Dokin ƙofar lungu? Ni na sa aka cire shi," ta ce. "Gadon tura marasa lafiya ba ya hawa, kullum sai mun ɗaga shi mu huɗu. A satinmu na farko na ce wa kafinta ko ya cire ko ya zo ya riƙa ɗagawa."

"To kafin ku, su wa ke ciki?"

"Iyalin attajirin nan mana. Kai baƙo ne a lokacin, kana daji. Mutum ne mai hannu sake, in ji mutane, har shekarar da aka yi yunwa aka ce an sami hatsi ɓoye a ɗakunan gidan. Ko ɓoyo ne, ko na rabawa ne ya tara, Allah masani. Aka kama shi, aka ƙwace gidan da abin da ke ciki, aka yi gwanjon kaya. A tsare ya rasu. Iyalin suka watse, domin ko kasuwa suka shiga sai an bi su da zagi."

"Ba wanda ya rage?"

Ta ajiye tiren. "Akwai autarsa. Bayan shekaru aka kawo mana ita tana naƙuda. Muna tura ta ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta ce mini, ‘Nas, nan ɗakin mahaifiyata ne.’ Ta yi kukan da ba na naƙuda ba. Namiji ta haifa. Daga baya mijin ya tafi da su wani gari." Ta sassauta murya. "Shi ne fa wannan Manajan. Na gane shi ranar da ya fara aiki, kamar kakansa ya yi kaki ya tofar. Na ga bai son a sani, na ja bakina. An ce ya dawo da uwar, suna haya a layin da ke bayan lambun."

*

Da yamma Mai Sawu ya bi ta layin. Ya ga gidan, ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti, taku kaɗan daga ƙofar lambu. Ya tsaya a gabanta har ya ɗaga sanda zai ƙwanƙwasa. A ransa ya riga ya gama hukunci: tsohuwa mai tsohon ƙulli ta zo ta ɗauki abin da take ganin na ubanta ne, ɗanta ya share mata sawu, suka bar bawan Allah a kulle. Ya tuna fuskar matar Maigadi. Ya kuma tuna dariyar Yarima. Ya sauke sandar, ya wuce ofishin 'yan sanda.

Sufeto ya san shi tun zamanin ɓarayin shanu, yana girmama shi. Ya saurare shi har ƙarshe.

"Baba, na yarda da idonka. Amma alƙali ba ya karanta ƙura. Kuma ba zan fasa gidan mutum mai mutunci a kan tsallake ɗaya ba."

"Tara mini su gobe a gidan," in ji Mai Sawu. "Har da Yarima. Ka ga tsallaken da idonka."

Ya koma wurin Nas ya roƙe ta, in Manaja ya fito gobe, ta je ta gaida uwar, ta ce mata ta zo ta ga gyaran da aka yi wa gidan babanta, ta shigo da ita ta lambu. Bai gaya mata dalili ba.

*

Washegari da hantsi suka hallara a babban ɗaki: Likita, Sufeto, Manaja, Mai Zane, Yarima da babbar rigarsa, masu fenti, da Maigadi da aka kawo da ankwa, matarsa na raɓe a bakin ƙofa. An kwashe katakan bakin lungu, ana hango shi har ƙarshe. Mai Sawu ya zana layi da sandarsa a inda gurbin yake, ya yi bayani a taƙaice. Yarima ya fara murmushi. Manaja kuwa ya kafa ido a ƙasa.

Sai ƙofar lambu ta buɗe. Nas ta shigo gaba da sauri, fuskarta a canje, ta zo ta kama hannun rigar Mai Sawu.

"Ka bar maganar nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba ta cikin hayyacinta. Tsufa ya taɓa ta, ko ni ba ta gane ba. Da na ambaci gidan ta miƙe, na kasa tsayar da ita."

Amma tsohuwar ta riga ta shigo lungun. 'Yar ƙarama ce, da farin mayafi da silifas, tana jan ƙafa, fuskarta cike da fara'a. Kowa ya zuba mata ido. Da ta iso kan layin, ba ta ko dubi ƙasa ba, ta tattare zanenta, ta ɗaga ƙafa sama, ta tsallake.

Murmushin Yarima ya ɗauke.

Ta dubi jama'a ta yi murna. "Ashe baƙi aka yi. Sannunku da zuwa. An kawo muku ruwa? Baba ya fita, yanzu zai dawo." Idonta ya kai kan bango. "Hoton nan na ɗauke shi, masu aiki za su ɓata shi da fenti. Ni ce a jiki, ai kun gani, da guga. Mai zanen ya sa na tsaya har ƙafata ta yi tsami."

Wani cikin masu fenti ya ce, "Ashe ga ɓarauniyar." Bai ɗaga murya ba, amma ta ji. Ta juya ta ga ɗan sanda, ta ga mutum da ankwa a hannu. Fara'ar ta zube daga fuskarta gaba ɗaya. Ta fara ja da baya.

"Sun dawo," ta ce. "Sun dawo su tafi da Baba. Wallahi na rabawa ne, ba ɓoyewa ya yi ba."

Manaja ya tsallaka ɗakin ya rungume ta. "Iya, ni ne. Ba wanda za a tafi da shi." Ya juyo, yana riƙe da ita, ya fuskanci Sufeto. "Zanen yana ɗakinta, ko ƙwarzane babu. A kwance wa mutumin nan ankwa. Ni za a sa wa."

Likita ta ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

"Na koma gida na tarar ta rungume shi tana barci. Rabon da ta yi barci irin wannan har na manta. Na ce bari gari ya waye in mayar. Kafin in fito masu fenti sun gani, an kira 'yan sanda. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji yadda za a faɗe shi a gari: jikan mai ɓoyon hatsi, uwarsa ta yi sata. Na ce gobe. Goben ta zo, na sake cewa gobe." Ya dubi Maigadi. "Ina ganinka aka tafi da kai. Ba ni da abin da zan ce maka."

Da aka kwance Maigadi, ya murza wuyan hannunsa, ya wuce ta gaban kowa, matarsa ta bi bayansa.

Sufeto ya matso kusa da Mai Sawu ya ce, "Aikinka ya yi kyau, Baba." Yarima ma ya zo ya ba shi hannu, ya ce ya janye maganarsa. Abin da Mai Sawu ya kwana yana jira ke nan, ga shi ya samu, amma kunnensa na can wurin tsohuwar da ake fita da ita tana kiran babanta.

*

Likita ta ƙi yarda a kai maganar kotu, aka kashe ta a ofis. Zanen ya koma kan ƙusarsa, aka buɗe nuni a ranar da aka sa, mutane suka yi ta zuwa, yawancinsu don su ga yarinya mai guga. Maigadi bai koma bakin aiki ba. Likita ta je har gida ta ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma ba zai iya zama a kan bencin nan yana gaisawa da mutanen unguwa ba. Manaja ya ajiye aiki da kansa. Likita ta so a kawo tsohuwar ta zagaya da ita ɗaki-ɗaki, ta faɗi abin da ta sani na zamanin mahaifinta a ƙara a tarihin gidan, amma tun daga ranar ko an ambaci gidan sai ta toshe kunne. Yaran layi kuma suka samo mata waƙa.

Ranar da Mai Sawu ya ji Manaja da uwarsa za su bar gari, ya je. Wannan karon ya ƙwanƙwasa. An gama loda motar kaya, Manaja na ɗaure katifa da igiya.

"Na zo ƙofar nan kafin ranar," in ji Mai Sawu. "Na tsaya, ban buga ba."

"Da ka buga, Baba, da na ba ka shi a hannu."

"Da ka ba ni?"

Manaja ya ja igiyar ya ƙulle. "Ban sani ba," ya ce. "Ina so in ce da na ba ka."

"Ni ma ina so in ce don Maigadi kaɗai na tara mutane."

Aka fito da tsohuwar, aka zaunar da ita a gaban mota. Ta rame, mayafin ya yi mata yawa. Ta hango Mai Sawu ta yafito shi da hannu. Ya matso jikin taga ya gaishe ta.

"Malam, kai ne mai bin sawu, ko? Na ji an ce an yi sata a gidanmu."

"An yi, Iya. Amma kayan sun dawo."

"An kama mai shi?"

Ya dubi Manaja, Manaja ya kau da kai.

"An gane shi, Iya."

"To don Allah ka ce a yi masa a hankali," ta ce. "A ja shi gefe a yi masa faɗa, kada a tara masa jama'a. Baba ba ya son a tozarta mutum a gidansa."

"Zan faɗa, Iya," in ji Mai Sawu.

Direba ya tayar da mota. Ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga, bai sauke ba har suka karya kwana.